Zauren 'yan hatsi na Gombe: "double-cross" cin amana ne ko zamba?

Ɗan Tudu: Jama'a, abin da ake yi a Tudun Hatsi ya isa haka. Mutum biyu su haɗa baki su ɓoye wake a sito sai farashi ya tashi, ɗaya ya zagaya da dare ya sayar wa mai tirela, ya bar ɗan'uwansa da bashin haya. Wannan ai double-cross ne, cin amana ƙarara. Shugabanni ku yi magana!

Ticha: Kalmar ta zauna daidai, fassarar ce ta goce. A bakin ɓarayi da 'yan cacar Ingila na ƙarni na 19, "cross" wasa ne da aka saye. A biya ɗan dambe ya faɗi da gangan, masu biyan su zuba kuɗinsu kan abokin karawarsa. In ya karɓe kuɗin kuma ya shiga fili ya yi nasara, ya cuci macuta ke nan, shi ya sa aka ce "double". Sai an sami haɗin baki, da wanda aka shirya cuta, sannan ɗaya ya juya wa abokin shirinsa. Hausarsa zamba cikin aminci.

Alaramma: Malam Ticha, wane aminci tsakanin masu ɓoye abinci? Amana tana da hukuncinta. A mudaraba, wato wani ya ba da jari wani ya juya shi a raba riba, wanda aka ba jari amintacce ne: in kaya suka lalace ba da sakacinsa ba, ba ya biya, in ya saɓa sharaɗin mai kuɗi, ramuwa ta hau kansa. Kada ku ɗora wannan suna kan maƙarƙashiyar 'yan kasuwa.

Barista: Allah gafarta Malam, kotu ba haka take dubawa ba. A tsohon kundin Penal Code na Arewa, sashe na 311 shi ne cin amana: an danƙa maka dukiya, ka karkatar da ita. Sashe na 320 shi ne zamba: yaudara ce tun farko ta sa aka miƙa maka. Tambayar ita ce, makullin siton yana hannun wa? Galibi ƙarar nan take mutuwa, ba takarda, ba shaidu, sai "ai mun yarda da juna".

Yaron Alhaji: 419 ne kawai, ku daina wahalar da mu.

Barista: Ƙanina, 419 sashe ne na Criminal Code, dokar Kudu.

Ticha: Kuma ba kullum kalmar take zagi ba. A Yaƙin Duniya na Biyu, Ingila ta riƙa juya 'yan leƙen asirin Jamus suna aika wa iyayen gidansu ƙarya. Kwamitin aikin, na 1941, Twenty (ashirin) aka sa masa, don XX, wato "cross" biyu ko double-cross, ashirin ne a lambar Romawa.

Alaramma: To ga shi, har Turawan ba su tsaya kan ma'ana ɗaya ba.

Yaron Alhaji: Ticha dai mutumin Bauchi ne, bai taɓa ɗinke buhu ba.

Ticha: Ɗinkin buhu da nahawu, ina haɗin?

Ɗan Tudu: Waken fa, jama'a?

Mai zaure: Na rufe. Abin da aka tsayar: Malaminmu Alaramma ya yi gaskiya, ba a kiran wannan amana. Barista ya kawo lambobi, mun gode. Tarihin damben Ticha a tura shi zauren makaranta. Yaron Alhaji, ka janye maganar Bauchi kafin la'asar ko in cire ka.