Taƙaitawa kan yin digiri ta intanet a fannin tsaro da yaƙi da ta'addanci

Jama'a ga abin da na tattara daga maganganunku kan ko ya dace mutum ya yi wannan digirin ta intanet a jami'ar waje.

1. Kusan kowa ya yarda kwas ɗin na Amurka ne, bayan harin 11 ga Satumba 2001 suka kafa ma'aikatar tsaron cikin gida a 2002, shi ya sa dokokinsu ake koyarwa, tsaron filin jirgi da kan iyaka da agajin gaggawa. Kuma yawancin aikin gwamnatinsu sai ɗan ƙasa, wannan kam don Allah a kula.

2. A tabbatar hukumar da ke tantance jami'o'i ta amince da jami'ar kafin a tura ko dala ɗaya.

3. Inda aka rabu: wasu sun ce gara NOUN, wato jami'ar karatu daga gida ta Najeriya, tana da digirin nazarin laifuka da tsaro kuma naira za ka biya, masu kaki kuma suka ce na wajen ya fi musu, lakca cikin dare a waya bayan an tashi daga aiki, in data da wuta sun bari.