Dusar ƙanƙara na dunƙulewa a gashin karena

Salamu alaikum. A Winnipeg nake, ƙasar Kanada, kuma wannan ne hunturuna na farko da kare, Golden Retriever mai dogon gashi. Sanyin kwanakin nan ya kai digiri 25 ƙasa da sifili.

Ko minti goma ba ma yi a waje sai dusar ƙanƙara ta dunƙule a gashin ƙafafunsa da ƙasan cikinsa, curi-curi kamar fura. Ta tsakanin yatsun ce ta fi damuna: sai ya tsaya cak, ya ɗaga ƙafa yana gatsar wurin.

Na sayo masa takalman karnuka, kafin mu kai bakin titi ya watsar da biyu. Na shafa Vaseline, ya lashe tas. Mataji kuwa ƙara cukurkuɗa jiƙaƙƙen gashin yake yi. Ruwan ɗumi kaɗai ke narkar da ita, amma wankin kullum ya busar masa da fata, ga gishirin da ake zubawa a titi ya sa tsakanin yatsun ya yi ja.

Askewa gaba ɗaya ba na so, tunda gashin da ke kusa da fatarsa ne ke riƙe masa ɗumi. In na rage na ƙafafu da na tsakanin yatsu kaɗai da almakashi, zai hana wannan dunƙulewar?