Neman shawara: na samu bursin zango ɗaya a Sifaniya, ta ina zan fara?

Ƴar Birni:
Assalamu alaikum ƴan uwa. Ina shekara ta biyu ta lisans a Jami'ar André Salifou, sunana ya fito a bursin Erasmus+, shirin Tarayyar Turai na musayar ɗalibai. Zan yi zango na biyar a Sifaniya, daga Satumba zuwa ƙarshen Janairu. Tsorona kada in dawo a ce sai na maimaita zangon. Baba kuma yana tambaya ko kuɗin bursin zai isa.

Malamin Zengu:
Wa alaikumus salam ƴata, Allah ya sa albarka. Tsoron nan naki yana kan hanya, maganinsa kuwa takarda guda ce: yarjejeniyar karatu. A cikinta za ki jera darussan da za ki ɗauka can, kowane a gefen darasin nan da zai maye gurbinsa, har su cika kiredi 30 na zango (kiredi shi ne ma'aunin nauyin darasi). Hannu uku ake sa mata: naki, na mai kula da sashenku, da na jami'ar can. Kada ki hau jirgi da alkawarin baki. Shugaban sashe yana iya canzawa kafin ki dawo, wanda ya gaje shi kuma takarda kawai zai duba.

Inda aka fi tuntuɓe shi ne bayan an isa. Sai ki tarar darussa biyu sun faɗo awa ɗaya, ko an rufe wani. Kina da mako biyar daga fara karatu ki gyara yarjejeniyar, kuma gyaran ma sai an sa masa hannu a nan Damagaram. Ki tambaya tun yanzu yadda za a juya makinki, don can a kan 10 suke ba da maki, ana ci da 5, mu kuwa a kan 20. Ki kuma dubi kalandar sashenku da kyau. In shekarar karatu ta ja, jarrabawar zango na huɗu tana iya riskar ki kina can, to ki nemi a rubuta miki yadda za ki rama ta.

Yaya Mai Dosiye:
Ƙanwata, bizar kwana 90 ba za ta yi miki ba, ta dogon zama ta ɗalibai za ki nema, kuma sai kin je Yamai da kanki. Ki haɗa fasfo mai sauran aƙalla shekara guda, takardar karɓa daga jami'ar can, shaidar bursi da inshorar lafiya. In zaman bai wuce kwana 180 ba, Sifaniya ba ta neman takardar shaidar rashin laifi, saboda haka ki lissafa kwanakin da ke kan takardar karɓarki. Ki ajiye dosiye wata biyu kafin tafiya, damina lokacin cunkoso ne.

Inna Garin Malam:
Ki gaya wa baba bursin yana tsakanin yuro 800 da 900 a wata, wato jika 525 zuwa 590 na sefa, ban da tallafin tikiti. Zai isa in ba Madrid ko Basalona ba ne, inda hayar ɗaki kaɗai take iya cinye fiye da rabi. Amma yawanci kuɗin ba ya shigowa sai kin isa, kin yi rajista, kin buɗe asusun banki, mai gida kuwa zai nemi hayar watan farko da ajiyar wata guda ranar da zai ba ki mabuɗi. Ki tafi da guzurin da zai riƙe ki wata ɗaya da rabi. Kuma kada ki tura wa kowa ajiya don ɗakin da kika gani a Facebook kawai, ki bi ta ofishin ɗaliban waje na jami'ar.

Malamin Zengu:
Na ƙara da batun yare. In da Sifaniyanci ake koyarwa, galibi matakin B1 suke so, wato matsakaicin iya yaren, Faransancinki zai taimaka a karatu amma ba a rubuta jarrabawa ba. Ki dage ki ci jarrabawa a zama na farko cikin Janairu, don a jami'o'i da yawa zama na biyu sai Yuni ko Yuli, lokacin bizarki ta daɗe da ƙarewa.