Wutar kle USB bisa Raspberry Pi, ana iya kashe ta?

Ɗan_Adar: Salamu alaikum 'yan uwa. Ina da Raspberry Pi 4, ƙaramar kwamfutar nan, nan Tawa, shi ka ɗaukar lissafin kuran na solar gidanmu yana rubutawa cikin kle USB, wato flash. To wutar kle ɗin ce ta dame mu, shuɗiya, wal wal duk dare, kuma akwatin ɗakin tsohuwa yake kusa da batura, jiya ta ce in ban kashe ta ba, za ta fiddo min abina waje. Fitilun Pi ɗin na kashe su ta /sys/class/leds ba wahala amma ta kle ban gan ta can ba. Mi zan yi?

Injiniya_Yamai: Wa alaikumus salam. Ba ka ganin ta can ƙanena, don ba Linux ke riƙe da ita ba. Fitilun ACT da PWR da ka kashe na Pi ne shi ya sa kernel, wato zuciyar Linux, ya san su, ita ko wannan fitila ƙaramin cif da ke cikin kle ɗin shi ka kunna ta da kanshi in ana karatu ko rubutu, kuma cikin umarnin da kwamfuta ke aika ma kle babu wanda ke cewa kashe fitila, kowane kamfani da yadda ya tsara nashi. Gwada dai ka rubuta auto cikin power/control na kle ɗin ƙarƙashin /sys/bus/usb/devices, wasu in sun yi barci wutar na mutuwa, wasu ko a jikinsu. Amma kai da ke rubutu kullum yaushe zai samu barcin?

Mai_Gyara: hhhh ku da wahalar da kai. Baƙin salatif na masu haɗa waya, yanki kaɗan, liƙa, shikenan Hajiya ta yi barcinta.

Ɗan_Adar: Na ga wani abu wai uhubctl, shi fa babban yaya?

Injiniya_Yamai: Shi volt 5 ɗin yake yankewa gaba ɗaya, wuta ta mutu kle ma ya daina aiki. Kuma bisa Pi 4 ramukan huɗu tare suke ɗaukewa, in da wani abu jone nan shi ma ya tafi. In za ka yi, tara lissafin cikin RAM, awa awa ka kunna ka zuba, sai sync don rubutun ya gama shiga, sai umount don Linux ya saki kle ɗin, kana ka yanke. Ni na taɓa yankewa ba umount don na ga wutar ta daina ƙyaftawa na zaci an gama, aikin sati biyu ya lalace, har yau abin na min zafi. In kana son alamar da ke jin maganarka sa LED naka bisa GPIO, ƙafafun Pi da ake jona waya, da resistans na ohm 330.

Ɗan_Adar: Na gode ƙwarai. Auto ɗin bai yi ba, na liƙa salatif tukuna, LED ɗin sai na shiga kasuwa ran Lahadi.