Abin da aka tattauna kan ɗebo ruwan ƙashin baya

A wata zantawa da aka yi a Kaduna, mafi yawan iyaye sun ce tsoron shanyewar ƙafa ke sa su hana likita ɗebo ruwan ƙashin baya. Ma'aikatan lafiya suka bayyana cewa allurar tana shiga ne ƙasan ƙugu, inda lakar ta riga ta ƙare. Da wannan ruwan ake gane sanƙarau, cutar da ke tsananta lokacin zafi, kuma ita ce kan nakasa yaro, sai a ɗora wa allura laifi. Shawararsu: in zazzaɓi ya haɗu da sandarewar wuya, a garzaya asibiti, kada a tsaya jiran maigida ya dawo. Ciwon kai na iya biyo bayan ɗebo ruwan, amma yakan wuce cikin 'yan kwanaki.