Muhawara: Wanda ya taka Tol Eressea ya tsere wa mutuwa ne?

Auta: Jama'a, ni ina nan kan bakana: Frodo, jarumin littafin The Lord of the Rings na marubuci Tolkien, bai mutu ba. A shekara ta 3021 ta Zamani na Uku ya hau jirgin ruwa a tashar Mithlond, shi da ɗan uwansa tsoho Bilbo, suka nufi Tol Eressea, tsibirin Elfawa, jinsin da tsufa ba ya kashewa. Yankin nan fa Ƙasar Marasa Mutuwa ake ce masa. Wanda ya kai mugun zoben nan har bakin dutsen wuta don a halaka shi, ya rasa yatsa, a ce an kai shi can ya mutu? Zuciyata ba ta karɓa ba.

Yaya Babba: Ƙanina, suna ne ya ruɗe ka, kuma da wannan sunan ne Sauron, mugun da ya ƙera zoben, ya halaka Numenor, masarautar 'yan Adam a tsakiyar teku. Da tsufa ya cim ma Sarki Ar-Pharazon, sai Sauron ya raɗa masa cewa duk wanda ya mallaki ƙasar nan ya rabu da kabari. Ya tara jiragen yaƙi, ya wuce tsibirin, ya sauka a gaɓar Aman, babbar ƙasar da ke bayansa a Yamma. A 3319 ta Zamani na Biyu teku ya haɗiye ƙasarsa gaba ɗaya. Tun zamanin kakanninsa manzannin Valar, masu ikon da ke kula da duniya, suka yi musu gargaɗi: ba ƙasar ce ke hana mutuwa ba, mazaunanta ne suka tsarkake ta. Ɗan Adam da ya zauna can sai dai ya fi saurin yaushi, kamar ƙwaron da ya kusanci hasken da ya fi ƙarfinsa.

Anti Mai Littafi: To Yaya, Tuor fa? Ɗan Adam ne, ya tafi Yamma da matarsa Idril, aka lissafa shi cikin Elfawa.

Yaya Babba: Gaskiyarki, Anti, amma duba yadda littafin Silmarillion ya kawo zancen: a waƙa aka faɗa, kuma an ce shi kaɗai ne cikin 'yan Adam. Mutum ɗaya ba ya zama doka.

Malam Mai Taswira: Bari in sa baki ta wajen tsibirin kansa, don nan ne abin ya fi taɓa ni. Asalinsa jirgin fito ne! Ulmo, mai mulkin ruwa cikin Valar, ya tumɓuke shi daga tsakiyar teku, ya ɗora ƙabilun Elfawa biyu, Vanyar da Noldor, ya ja su Yamma. Har ƙahonsa na gabas ya karye ya tsaya a baya, shi ne tsibirin Balar. Da Ulmo ya dawo ya kwaso ƙabilar Teleri, sai suka roƙa a tsaya, hadiminsa Osse ya kafe tsibirin a mashigin Eldamar, daf da Aman. Hasken Bishiyoyi Biyu masu haskaka ƙasar Valar ya ratso ta mashigar dutse ta Calacirya ya sauka a gaɓarsa ta yamma, furanni suka tsiro. To ƙasar da aka jawo kamar kwale-kwale, a ina za ta samo ikon canja ƙaddarar mutum?

Auta: In haka ne, Malam, me ya kai Frodo?

Malam Mai Taswira: Magani, ɗana. Duk 6 ga Oktoba saran da aka yi masa a kafaɗa yakan tashi, duk 13 ga Maris dafin ƙatuwar gizo-gizo Shelob ya kwantar da shi. Sam, abokin tafiyarsa, ya taɓa samunsa fuska a koɗe, idanu na kallon nesa. Tolkien da kansa, a wata wasiƙa ta 1963, ya nuna an kai shi ne ya warke in zai yiwu, kafin ajalinsa.

Anti Mai Littafi: Na sauka daga batun Tuor, amma ban yarda da zancen saurin yaushi a kan Frodo ba. Wanda aka gayyata daban, wanda ya zo da takobi daban. Arwen, 'yar Elfawa da ta zaɓi zama da 'yan Adam, ita ce ta ba shi gurbinta a jirgin.

Auta: To bari in yi lissafi. Frodo yana da shekara 53 ya tafi. Sam ya bi bayansa bayan shekara 61, da matarsa Rosie ta rasu. Ke nan Frodo zai kasance ɗan 114, alhali Bilbo ya kai 131. Yaya, na bar maka dawwama. Amma ranar da jirgin Sam ya shigo Avallone, tashar tsibirin, ni ina ganin Frodo tsaye a bakin ruwa yana jiransa, kuma wannan ba zan sake shi ba.