Tafsirin azumi an haɗe min shi wuri guda, yaya zan rarraba?

Abu Hafsa: Salamu alaikum. Ni mai lalurar gani ne, da NVDA, manhajar da ke karanta min abin da ke kan allo, nake aiki a kwamfuta. An kawo min tafsirin malaminmu na azumin bana, amma wanda ya ɗauka ya haɗe shi, kowane fayil ya haura awa shida. Ina so kowace rana ta fita daban da sunanta, don in tura wa 'yan makarantarmu. Cikin manhajojin gyaran sauti, in zauna in koyi Audacity ne, ko in sayi GoldWave, ko in kai shago kawai? Wanda ya taɓa yi da allon rubutu (keyboard) kaɗai, ba linzami (mouse), ya taimaka.

Sani Ɗan Gwammaja: Wa alaikumus salam. Malam, ba sai kwamfuta ba. Akwai manhajojin yanka MP3 a waya, ka ja jan layin nan zuwa inda kake so, shi ke nan.

Abu Hafsa: Ɗan'uwa, jan layin ne ba zan gani ba.

Maman Walida: Don Allah ko me za ka yi, kada ka kai shago ba tare da ka ajiye kwafi ba. Karatun mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, a kaset yake. Yayanmu ya sha wahala ya mayar da shi kan memori, ni kuma na kai wani shago a raba min sura-sura. Yaron ya yanka, ya ajiye a kan na asalin. Duk inda Baba ya tsaya ya ja numfashi ko ya yi bayani, ya ɗauka shiru ne ya goge. Addu'ar da yake rufewa da ita, wadda yake kiran sunayenmu ɗaya bayan ɗaya, babu ita. Kaset ɗin kuwa ya riga ya cinye. Har yau in na kunna na zo wurin, sai in kashe.

Garba Tela: Innalillahi. Allah ya jiƙan Baba, Hajiya. Nawa ya karɓa?

Maman Walida: Dubu biyar, ko haƙuri bai ba ni ba.

Sani Ɗan Gwammaja: Kai! Mu nan ɗari biyu ne duk fayil.

Ummu Zariya: Wace ɗari biyu? Ni dubu goma aka ce min bara, wai kuɗin man janareta.

Malam Isa Jos: Abu Hafsa, ni ma makaho ne, kuma wannan aikin nake yi duk shekara. Audacity kyauta ne, yana tafiya da NVDA. Kunna sautin, duk inda ka ji malam ya buɗe sabon zama ka danna Ctrl da M, alama za ta sauka a wurin, ka rubuta "rana ta 3" misali. In ka gama, wajen fitarwa ka zaɓi fayiloli da yawa bisa alamomin, kowanne zai fito da sunan da ka ba shi. Ka sa alama a farkon fayil ɗin ma. Sai dai ka tanadi wuri, don yana warware MP3 ne kafin ya yi aiki, awa shida za ta ci gigabait da dama.

Injiniya Bash: Shekara da shekaru ina situdiyo. MP3 in ka sake fitar da shi ta Audacity, ingancin sauti raguwa yake. mp3DirectCut ya fi, yana yanka ba tare da ya sake matse sautin ba.

Malam Isa Jos: Gaskiya ne, Injiniya, amma ka taɓa gwada shi allo a kashe? Muryar mutum ɗaya ce a lasifikar masallaci, wa zai ji bambancin?

Injiniya Bash: Ni zan ji. Sana'ata ce.

Ummu Zariya: Shi da ya ce wanda ya yi da allon rubutu yake nema, ai maganar Malam Isa ce abin kamawa.

Garba Tela: Ku kawo min, almakashina sabo ne, kowace rana sai in yi mata kalmasa.

Maman Walida: Garba, ka sa ni dariya ban shirya ba.

Abu Hafsa: Na gode. GoldWave fa, akwai wanda ya saya?

Sani Ɗan Gwammaja: Ni abin da ke ci min rai da yanke-yanken nan, masu ɗauko minti ɗaya daga karatun awa biyu su watsa a TikTok. Malam yana kawo maganar wasu don ya warware ta, sai a yanke kafin ya warware.

Ummu Zariya: Haka aka yi wa limamin unguwarmu, har sai da ya fito ya yi bayani ranar Juma'a. Wanda ya yanka ɗin kuma ɗalibinsa ne.

Injiniya Bash: Wani ya taɓa kawo min irin wannan aikin da kuɗi a hannu, na ce ya kama gabansa. Amma kun san shago na gaba ya tafi.

Garba Tela: To su masu turawa cikin guruf ba su saurara ba fa? Ni su na fi ganin laifi.